Tsattsewa ba ta da rumbu: yadda yanayi ke raya sheƙa ko ya kashe ta

A zauren gidan da na taso akwai wata azara da ta ɗan turo kai daga jikin bango, can sama inda hannu ba ya kaiwa. Duk shekara, in ruwan fari ya sauka ƙasa ta fara ƙamshi, sai tsattsewa biyu su kama shige da fice ta ƙofar zauren, kowacce da ɗan curin laka a baki wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Su manna, su fita, su dawo. Kafin kwana goma sai ka ga abu kamar rabin ƙoƙo ya lafe a jikin azara. Wata shekara mukan ƙirga bakuna huɗu masu ruwan ɗorawa suna leƙowa har su yi fiffike su tashi. Wata shekara kuma mu wayi gari mu tsinci 'ya'yan a ƙasa sun sandare, alhali ba mage, ba maciji, ba yaron da ya yi jifa. Manya sukan ce kwanansu ne ya ƙare. Haka ne, amma kowace mutuwa da sanadinta, kuma sai da na girma na gane cewa sanadin yakan kasance irin ranakun da aka yi kafin wannan safiya.

Bari mu fara raba tsuntsayen, domin Bahaushe yakan haɗa iri biyu ya kira su tsattsewa. Akwai baƙaƙen nan masu fukafukai kamar lauje, waɗanda ba ka taɓa ganin sun sauka a kan waya, suna cincirindo a ƙarƙashin gada ko a jikin giginya. Su da yawu da gashi suke gini, har ta giginya ma takan manne ƙwanta da yawu a jikin ganye don kada iska ta zubar. Akwai kuma masu ginin laka, masu jeruwa a kan wayar lantarki, bayansu shuɗi mai sheƙi, cikinsu fari, wutsiya a rabe. A kan waɗannan zan tsaya. Wasunsu 'yan gida ne, a nan suke haihuwa da damina. Amma wadda aka fi bincike a kanta a duniya, wadda masana ke kira Hirundo rustica, baƙuwa ce a wurinmu: a Turai da Asiya da Arewacin Amurka take sheƙa, kuma ta Turai takan zo Afirka ne ta wuce lokacin sanyinsu.

Abin da ya bambanta tsattsewa da kurciya ko gwara shi ne ba ta tsintar ƙwaya a ƙasa. Duk abin da za ta ci, a iska take cafke shi: ƙudaje, sauro, shinge, ƙananan buzuzu. Ba ta ajiya, ba ta da rumbu. Nauyinta kusan giram 20 ne kawai, kuma kusan yini take tana tashi, wato tana ƙona abin da ta ci nan take. In ƙwari sun tashi ta ci, in sun lafe ta kwana da yunwa. Ƙwari kuwa jininsu ba ya ɗumama kansa, da zafin rana suke samun ƙarfin tashi. Da sanyi ya sauko kusa da digiri 10, ko aka yi ruwa mai tsawo, ko iska mai ƙarfi, sai sararin sama ya zama fayau. Ko a rana mai lumshi ƙwarin ƙasa-ƙasa suke yawo, shi ya sa in hadari ya haɗu za ka ga tsattsewa na shafar kan ciyawa. A nan ne duk maganar yanayi ta rataya. Ba kasafai sanyi ko ruwa ke kashe tsattsewa kai tsaye ba. Abincinta suke ɗaukewa.

Kafin abinci ma akwai laka. Sheƙa ɗaya takan ci tafiya fiye da dubu tsakanin bakin taɓo da wurin gini, kuma namiji da mace duk suna ɗauko, ko da yake macen ta fi tsayawa kan aikin. Suna cakuɗa lakar da busasshiyar ciyawa, daidai yadda magini ke zuba ciyawa cikin ƙasar gini don kada bango ya tsage, sannan su shimfiɗa gashin tsuntsu da na dabbobi a ciki. Ba a yin ginin a rana ɗaya, sai sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. In gari ya yi danshi da yawa laka ba ta bushewa, gini ya yi ta saɓulewa. In kuma fari ake, babu lakar ma sam, ko kuma sai mai yashi wadda ba ta da danƙo, a gama gini lafiya amma ranar da 'ya'ya suka yi nauyi sheƙa ta ɓalle da su. Na sha tsayawa a bakin rijiyar burtsatse ina kallon su a wurin da ruwa ke malala: sukan sauka da fukafukai a ɗage don kada su ɓaci, su caka baki sau biyu ko uku, su tashi. Wannan ɗan taɓon da mutane ke tsallakewa suna tsaki, shi ne kasuwar kayan gininsu.

Saboda wahalar ginin, da yawa sukan koma tsohuwar sheƙa su yi mata kwaskwarima. Ribar a fili take: mako ɗaya ko biyu da za a ɓata wajen gini sai a fara ƙwai. Amma tsohon ɗaki yana da masu jiran gado. Ƙuma da wasu ƙananan ƙwari masu shan jini sukan ɓuya a tsagar laka su jira shekara ta zagayo, kuma zafi yana sa su hayayyafa da sauri. Tsuntsuwar takan leƙa tsohuwar sheƙa kafin ta yanke shawara, in ta tarar ƙuma sun yi yawa ta bar musu.

Macen tana yin ƙwai ɗaya kowace safiya har su kai huɗu ko biyar. Kowane ƙwai kusan giram 2 ne, ka ga ƙwai biyar sun kai rabin nauyin jikinta, kuma duk daga ƙwarin da ta kama cikin 'yan kwanakin nan za ta fitar da su. Shi ya sa in sanyi ya daɗe a watan Afrilu ko Mayu a Turai sai ta jinkirta, ko ta rage yawan ƙwan. Kwanci yana ɗaukar kamar mako biyu, a Turai kuma macen ce kaɗai ke yin sa. Ƙwai yana da ɗan haƙuri, yakan jure uwa ta fita neman abinci ta daɗe, illa dai ƙyanƙyasa ta ja baya.

Inda abin ya fi tsanani shi ne makonni ukun da 'ya'ya ke yi a sheƙa. Tsirara ake ƙyanƙyashe su, ido a rufe, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu. A kwanakin farko abincinsu kaɗan ne, uwa na lulluɓe da su, uba na kawo abin da ya samu. A kwanakin ƙarshe sun yi gashi sun tara kitse, har sukan fi iyayensu nauyi kafin su ɗan rame su tashi, don haka suna iya jure yunwar yini ɗaya ko biyu. Tsakiyar ce matsala, daga wajen kwana shida zuwa goma sha biyu. Jiki ya girma, ciki ya buɗe, gashi bai gama rufewa ba. A rana mai kyau iyaye sukan yi zuwa ɗaruruwa, kowane zuwa da dunƙulen ƙwari a maƙogwaro. To a ce a wannan tsakanin aka tashi da ruwa da sanyi. Uwa ta shiga gaba kura baya siyaki: in ta zauna ta ɗumama su yunwa ta kashe su, in ta fita nema sanyi ya kama su, ga shi abin da za ta samo bai taka kara ya karya ba. Ɗan da ya yi sanyi kuma ba ya iya ɗaga kai ya buɗe baki, iyaye kuwa bakin da ya buɗe suke sa wa abinci. Ranar farko ƙaramin cikinsu ne ke tafiya. In aka kai rana ta uku, sau da yawa sheƙar gaba ɗaya ce. Daga nan iyayen kan daina zuwa su ceci ransu, domin in sun rayu za su sake wani ƙwan.

A nan ya kamata a lura da wani abu da alƙaluman hasashen yanayi ke ɓoyewa. Matsakaicin zafin wata ba ya gaya maka komai game da sheƙa. Wata zai iya zama mai ɗumi a lissafi, amma kwana uku a jere a cikinsa su share 'ya'yan gari guda. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Ba yawan ruwan shekara ne kaɗai ke ba da gero ba. In ruwa ya ɗauke mako biyu bayan tsiro ya fito, ko da an yi ambaliya a watan Agusta, shukar farko ta riga ta tafi.

Manyan ma ba su tsira ba in abin ya yi tsawo. A jihar Nebraska ta Amurka, masu bincike Charles Brown da Mary Brown sun fara bin wata irin tsattsewa tun 1982, mai gina sheƙa kamar tulu, ɗaruruwa ko dubbai a manne da juna ƙarƙashin gadoji da kwalbatoci. A ƙarshen watan Mayu na 1996 aka yi kwana shida ana ruwa da sanyi. Kimanin rabin tsuntsayen yankin suka mutu, wasu a cikin sheƙa, wasu a ƙasa. Da suka auna gawarwaki suka kwatanta da waɗanda suka rayu, sai suka ga masu girman ƙashi da jiki ne suka fi tsallakewa, wato waɗanda ke da wurin ajiye kitse. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. A Turai kuwa, a kakar 1974, sanyi ya sauko da wuri ya tare tsattsewa a arewacin tsaunukan Alps kafin su ƙetare zuwa Afirka. Mutane a Siwizalan da Jamus suka riƙa tsintar su a galabaice suna zubawa a kwali, aka kwashi dubban ɗaruruwa a jiragen sama da na ƙasa zuwa kudu inda akwai ɗumi. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai ya taɓa ni, a ce jama'a su tashi tsaye haka saboda tsuntsun da ba a ci ba a sayarwa.

Sai a yi zaton ɗumamar duniya alheri ce gare su, tunda sanyi ne abokin gaba. Ta wata fuskar haka ne: in ɗumi ya zo da wuri sukan fara da wuri, su samu sararin yin haihuwa ta biyu, wani lokaci har ta uku a shekara, kuma 'ya'yan farko sun fi samun lokacin ƙwarewa kafin doguwar tafiya. Amma akwai tarko a ciki. A Arewacin Amurka akwai tsattsewa mai sheƙa a kogon itace da akwatunan da mutane ke rataya mata. Binciken Peter Dunn da David Winkler ya nuna cewa tsakanin 1959 da 1991 ta matso da lokacin ƙwanta gaba da kimanin kwana tara. Daga baya masu bincike a yankin Ithaca na jihar New York suka gano cewa ranar da zafi bai haura wajen digiri 18 da rabi ba, ƙwarin da ke tashi sukan ragu ƙwarai. A 2020 kuma aka wallafa sakamakon da ya nuna cewa matsakaicin zafi ya ƙaru, amma ranakun sanyin bazata ba su matsa daga inda suke a kalanda ba. Wato tsuntsuwar da ɗumi ya ruɗa ta yi sammako, 'ya'yanta sun fi faɗawa cikin waɗannan ranakun. Kamar mai shuka ne da ruwan farko, in ruwa ya zauna ya riga kowa girbi, in ya ɗauke ya yi asarar iri.

Zafin kansa ma in ya wuce kima kisa yake. Tsattsewa tana son gini can sama dab da rufi, saboda mage da ɓera. Rufin azara da ƙasa ko na katako da ciyawa yana tare rana. Kwano ba ya tarewa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar sili a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, balle wanda aka ajiye taƙi ɗaya ƙarƙashin kwanon da tsakar rana. 'Ya'yan ba su da hanyar shan ruwa sai ɗan danshin da ke jikin ƙwari. Za ka ga sun jeru a bakin sheƙa, baki a buɗe, wuya a miƙe, suna haki, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu iska, har wani ya faɗo tun fiffike bai yi ƙwari ba. A watan Yuni na 2022, lokacin wani matsanancin zafi a kudancin Sifaniya, an tsinci ɗaruruwan 'ya'yan baƙar tsattsewar nan mai fiffiken lauje a titunan Sevilla da Cordoba, sun faɗo daga sheƙunansu a jikin gine-gine. Tsawon fari kuma yana busar da kududdufai da kashin shanu inda ƙudaje ke hayayyafa, sai yunwa ta biyo ta wata ƙofar.

A ƙasar Hausa lissafin ya ɗan juya. Sanyinmu na hunturu ba ya haɗuwa da lokacin sheƙa, don haka ruwa ne mai yanke hukunci. Shi ke kawo laka, shi ke fito da shinge da sauran ƙwari, shi ya sa tsattsewar gida ke jiran damina. In damina ta makara, gini ya makara. In marka ta zauna kwana da kwanaki ba rana, 'ya'yan da ke tsakiyar girma su sha wuya, masu gini a ƙarƙashin kwalbati kuma ruwa ya cika ya tafi da su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mummunan yanayi iri ɗaya ba ya yi wa kowace sheƙa ɓarna iri ɗaya. Bincike a gonakin Turai ya nuna tsattsewar da ke gini a ɗakin da shanu ke kwana ta fi fitar da 'ya'ya. Jikin dabba yana ɗumama ɗaki, kashinta yana tara ƙuda, kuma in garke na tafiya cikin ciyawa yana tayar da ƙwari. A ranar iska da yayyafi, ƙwari sukan taru a bayan jerin itatuwa inda iska ba ta bugu, da kan ruwa, tsattsewa kuma can take bin su. Gonar da ke da shanu da itatuwa a kan iyaka da ɗan tafki tana ba tsuntsu abin da zai riƙe rai har rana ta fito. Gonar da aka share ta zama fili ɗaya, aka fesa mata maganin ƙwari, aka kulle shanu a ginin da ba taga, a rana mai kyau ma da ƙyar, balle ranar ruwa. A 2017 wani bincike daga Krefeld a Jamus ya nuna nauyin ƙwari masu tashi da tarkuna ke kamawa a wuraren da aka keɓe don kare halittu ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. A ganina wannan ya fi kowace guguwa haɗari. Tsattsewa ta daɗe tana shan mummunar shekara tana farfaɗowa, domin tsuntsuwar da ke fitar da 'ya'ya takwas ko tara a shekara mai kyau tana iya cike giɓi da sauri. Amma sai in shekara mai kyau tana da abinci. Ga shi yawancinsu ba sa wuce shekara biyu zuwa huɗu a duniya, damar kowace mace ƙididdigaggiya ce.

Sannan akwai rabin labarin da ke faruwa a wajenmu, tun kafin a ɗauki laka ko ɗaya. A watan Disamba na 1912 aka kama wata tsattsewa a Natal ta Afirka ta Kudu da zoben shaida na masu bincike a ƙafa, wanda aka sa mata a Staffordshire ta Ingila. Wannan ne ya fara tabbatar da inda tsattsewar Birtaniya ke zuwa. Wasu ba sa kaiwa can. A Boje, cikin ƙaramar hukumar Boki ta jihar Kuros Riba, akwai gangaren tudu mai doguwar ciyawa inda aka ƙiyasta fiye da miliyan ɗaya ke kwana a lokacin rani, kuma an samu masu zoben ƙasashen Turai a cikinsu, har da Italiya. A Afirka suke sauya gashin fiffike da na wutsiya, a hankali, cikin watanni. In shekarar ta yi ƙarancin ruwa ƙwari suka yi kaɗan, gashi ba ya fitowa da kyau, tashi ya makara. Masu bincike a Italiya sun kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na korayen Afirka da ranar da tsattsewa ke isa gonakinsu, suka ga shekarar da ciyayi suka yi kyau a nan, tsuntsayen da suka manyanta sun fi isa da wuri. Wanda ya isa da wuri shi ke samun tsohuwar sheƙa mai kyau, ya samu abokiyar zama, ya samu lokacin haihuwa ta biyu.

'Yar'uwarta mai haƙa rami a gaɓar kogi ta fi nuna wannan alaƙa ƙarara, domin ita a Sahel take wuce lokacin sanyin Turai, a dausayoyi irin na Tafkin Chadi da kogin Neja. Da ruwa ya gaza a Sahel a 1968, waɗanda suka koma Birtaniya a 1969 sun ragu matuƙa. Haka aka sake gani a 1984. Farin da ya kashe shanu ya kori mutane daga garuruwansu a nan, shi ne ya bar ramukan gaɓar koguna a Turai babu kowa.

Don haka in ka ga tsattsewa a watan Maris ko Afrilu suna shawagi ƙasa-ƙasa a kan fadama ko bayan garke, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma ruwa bai sauka ba, yawancinsu matafiya ne masu haramar arewa. Abin da ke gabansu Sahara ce, sannan teku, kuma guzurinsu 'yan giram ɗin kitsen da za su iya tarawa daga ƙwarin wannan fadamar. Wadda ta ƙetare, cikin makonni kaɗan za ta tsaya a bakin wani taɓo a Italiya ko Jamus tana cika baki da laka.